Ganuwar Malam Yakubu: Wa Ya Taɓa Cin Birnin Bauchi?

Yau daga Tirwun muke magana da ku, kuma zancenmu a kan birnin Bauchi ne: wanda ya kafa shi, sarakunan da suka gaje shi, rundunonin da suka ɗaura masa niyya, da abin da ya saura a tsaye daga aikin magabata.

Ga tambayar da nake so kowa ya riƙe a ransa har mu kai ƙarshe. Yau fiye da shekara 200 ke nan da kafa birnin nan. A tsawon wannan lokaci, sau nawa abokan gaba suka fasa ganuwarsa, suka shiga suka washe shi? Kada a yi saurin amsawa.

Yaran yanzu da yawa sun ɗauki Tirwun a matsayin unguwa ce kawai da gari ya bunƙasa ya haɗiye. Ba haka ba ne. Tirwun ta girmi birnin Bauchi. Tsohon mazaunin Gerawa ce, kuma ruwayar da ta fi yaɗuwa a bakin masana ta ce a nan aka haifi Yakubu ɗan Dadi, a tsakiyar ƙarni na 18. Shi ya sa da aka zo gina ganuwa, ɗaya daga cikin ƙofofinta aka kira ta Ƙofar Tirwun, don ta nan hanyar garin take. Mahaifinsa ya danƙa shi tun yana yaro a hannun wani malami, Malam Isiyaku, don ya yi karatu. Ta hannun wannan malami ne Yakubu ya isa Degel, a ƙasar Gobir, ya zauna a gaban Shehu Usmanu ɗan Fodiyo shekara da shekaru. Ku auna nisan da ke tsakanin nan da ƙasar Sakkwato ta yau, a zamanin da babu mota babu kwalta, sai ƙafa da jaki da ayarin fatake. Yaro daga Tirwun ya yi wannan tafiya don neman ilimi.

Da Shehu ya yi hijira zuwa Gudu a 1804 aka fara jihadi, sai aka shiga ba manyan almajirai tuta, kowa ya koma ƙasarsa. Buba Yero ya nufi Gombe, Malam Zaki ya nufi Katagum, Modibbo Adama ya nufi Fombina, Malam Musa ya nufi Zazzau, Umarun Dallaji ya nufi Katsina. Kusan dukkansu Fulani ne. Yakubu kuwa ɗan Gerawa ne, kuma shi aka ba tutar wannan yanki, alhali akwai malaman Fulani a ƙasar. A ganina wannan yana cikin abubuwan da ya kamata a riƙa gaya wa ɗalibai tun daga firamare: Shehu ya duba abin da ya gani a almajirinsa na ilimi da riƙon amana da jarunta, ya fifita shi a kan dangantakar jini.

Yakubu bai faɗa wannan wuri kai tsaye ba. Ya fara zama a Inkil, daga can yake fita yaƙi. Sai a 1809 ya kafa sabon birni a cikin kwarin da duwatsu suka kewaye, ga Warinje ga Wambai, inda labarin baka ya ce ya tarar da wani maharbi mai suna Baushe, wanda garin ya ci sunansa.

Ku lura da shekarar. A 1808, shekara guda kafin nan, manyan birane biyu suka faɗi. Alƙalawa, babban birnin Gobir, ta faɗa hannun mayaƙan jihadi, aka kashe Sarkin Gobir Yunfa. A wannan shekara kuma aka ci Birnin Gazargamu, fadar Mai na Barno, wadda ta yi fiye da shekara 300 ana jin tsoronta daga tafkin Cadi har ƙasar Hausa. Duka biyun yau kufai ne. Ashe Yakubu ya aza tubalin birninsa ne yana sane da cewa birni, kome girmansa, yana iya zama kango. Wannan sani ne ya shiga cikin irin ganuwar da ya gina.

Kewayenta ya kai kilomita 10 da rabi. Ƙofofi tara ake lissafa mata, kuma sunayensu na bakinmu har yau: Ƙofar Wunti, Ƙofar Ran, Ƙofar Nassarawo, Ƙofar Wase, Ƙofar Jahun, Ƙofar Dumi, Ƙofar Inkil, Ƙofar Wambai da Ƙofar Tirwun. Galibinsu sunan garin da hanyar ta nufa ne, don haka wanda ya haddace ƙofofin nan ya haddace taswirar ƙasar Bauchi ta wancan zamani.

Bari mu tsaya mu ga yadda ake irin wannan aiki, don mu san nauyin abin da muke magana a kai. Ba a gina ganuwa da damina. Sai an gama girbi, ƙasa ta bushe, sannan a raba aikin: wannan yanki na dagacin gari kaza ne da mutanensa, wancan na hakimi kaza. A haƙo jar ƙasa, a zuba ruwa, a tattaka da ƙafa, a cuɗa da ciyawa, a bar ta ta kwana ta ruɓa, a sake tattakawa. Wasu na mulmula tubali suna shanyawa a rana, wasu na jifa da shi sama, magini na cafewa yana jerawa. Gindin ganuwa ana yin sa da faɗi ƙwarai, tana tafiya sama tana tsukewa, kuma ta ciki akan bar tudu inda maharba za su tsaya. Ramin da aka haƙi ƙasar ta waje shi ke zama gwalalo, a cika bakinsa da sarƙaƙiya, yadda doki ba zai iya kusantar bango ba. Ƙofa kuwa zaure ce mai zurfi da ƙyaure mai nauyi, da Sarkin Ƙofa mai rufewa da almuru ya buɗe da asuba. Sannan ba a cika cikin ganuwa da gidaje. Ana barin fili na noma da kiwo da kududdufai, domin in an yi wa gari zobe, mutanen ƙauyuka su shigo da dabbobinsu a samu abin ci da na sha. Kuma aikin ba ya ƙarewa. Kowace damina tana cin rabonta, kowane rani sai an fito an yi yaɓe.

Su wa suka ɗauki wannan ƙasa a ka? Nan ne wurin da masu ba da tarihi kan yi sauri su wuce, ni kuwa ba na so mu wuce. Akwai talakawa da suka fito aikin gayya, akwai kuma bayi, kuma bayin nan ba daga sama suka faɗo ba. An kamo su ne a yaƙe-yaƙen da aka yi da al'ummomin da ke kewaye, musamman mazauna duwatsu na kudu da yamma. Wasu garuruwan sun karɓi amana, wato su riƙa biyan abin da aka yanka musu a bar su da addininsu da sarakunansu. Wasu sun ƙi, aka yi ta kai musu hari. Wasu kuma, kamar mutanen Dass da yawancin mazauna tsaunukan Jos, duwatsunsu sun kare su, dawakin Bauchi ba su taɓa mallakarsu yadda suke so ba. Jikokin waɗanda suka kai harin da jikokin waɗanda aka kai wa, yau duk 'yan jiha ɗaya ne, suna zama a aji ɗaya, suna cin kasuwa ɗaya, har da auratayya. Ganuwar nan ta dukkansu ce, domin gumin kakannin kowa yana cikinta. In za mu ba da tarihinta, mu ba da shi cikakke.

A cikin shekara 40 da Yakubu ya yi yana riƙe da tuta, ikonsa ya miƙa kudu har kusa da kogin Binuwai. Madakinsa Hasan ne ya kafa masarautar Wase wajen 1820, Lafiya ma ta shiga ƙarƙashin Bauchi. Ta gabas kuwa ya yi ta ja-in-ja da Buba Yero na Gombe a kan iyaka, ko da yake tutarsu daga hannu ɗaya ta fito.

Babbar jarrabawa ta zo a farkon 1827. Shehu Muhammadu al-Amin al-Kanemi, wanda Hausawa ke kira Shehu Laminu, shi ne mutumin da ya tsamo Barno daga halaka bayan faɗuwar Gazargamu. Malami ne, mayaƙi ne, kuma ya yi musayar wasiƙu masu zafi da Muhammadu Bello a kan halaccin jihadin kansa. A wannan shekara ya taso da runduna mai yawa ya keto ƙasashen gabas na daular Sakkwato, ya doshi Kano. Hankalin kowa ya tashi, domin in Kano ta faɗi, kasuwar daular da rumbunta sun tafi. Sarkin Musulmi Bello ya tura Waziri Giɗaɗo, aka kuma aika wa Yakubu. Yakubu ya fito da mutanen Bauchi ya tari rundunar Barno a wani wuri da ake kira Fake. Aka gwabza, aka yi asarar rayuka ta kowane ɓangare, amma abin da ya biyo baya ba a jayayya a kansa: Shehu Laminu ya juya gida, kuma Barno ba ta sake kawo irin wannan farmaki cikin tsakiyar daular ba. A lokacin wani Bature mai suna Clapperton yana zaune a Sakkwato, inda ya mutu a watan Afrilu na shekarar, kuma labarin wannan yaƙi yana cikin abin da ya rubuta.

Ku duba, masu sauraro: mafi girman rundunar da ta taɓa barazana ga wannan yanki ba ta ko ga ganuwar Bauchi ba. A fili aka tare ta, nesa da gida.

Bayan wannan ne Yakubu da Sarkin Katagum Ɗan Kawa suka ci garin Misau, Sarkin Musulmi Bello kuma ya ba wani mai suna Mamman Manga garin a 1831. Ku riƙe sunan Misau, za mu dawo kansa.

Malam Yakubu ya rasu a 1845, aka binne shi a birnin da ya gina. Allah ya jiƙansa da rahama.

(Kiɗan tambari, sannan a ci gaba)

Masu sauraro, in yanzu kuka kama mu, muna tafe ne da tarihin birnin Bauchi da ganuwarsa, daga nan Tirwun.

Bayan rasuwar Malam Yakubu, ɗansa Ibrahim ya gaje shi, ya yi mulki daga 1845 zuwa 1877, kuma shekarunsa kusan duka a kan doki ya yi su. Dalili shi ne Ningi. Jim kaɗan bayan hawansa, wani malami mai suna Hamza ya baro Tsakuwa ta ƙasar Kano tare da jama'arsa, saboda saɓani da hukuma a kan haraji. Suka shige duwatsun Ningi, suka sami Butawa da Warjawa da Fa'awa, mutanen da dama suna jin zafin hare-haren masarautu. Malamai suka kawo tsari da jagoranci, mazauna dutse suka kawo baka da kibiya da sanin kowane lungu. Daga wannan haɗuwa aka sami ƙarfin da ya hana Bauchi da Kano da Zazzau barci har kusan shekara 50. A zamanin shugabansu Ɗan Maje, da bayansa Haruna, mayaƙan Ningi kan sauko kamar daga sama, su ƙone ƙauyuka, su kwashi mutane da dabbobi, kafin dawakin sarki su iso sun koma cikin dutse, inda doki ba shi da amfani. Sun sha kaiwa kusa da birnin nan. Ba su taɓa shiga ba.

Maganin da Sarki Ibrahim ya nema shi ne ribaɗi, wato garuruwa masu ganuwa a bakin iyaka, a zuba musu mayaƙa da iyalansu su zauna dindindin. Shi da kansa ya tare a Rauta, arewa maso yamma da birni, don ya kasance kusa da bakin daga. Baturen Jamus Gerhard Rohlfs, wanda ya zo Bauchi a 1867, sai da ya bi shi can kafin ya gan shi. Wannan Bature ya ƙiyasta mutanen birnin da dubu 150. Ko da an ce ya zuƙe, adadin ya nuna irin cikar da ya gani a kasuwa da tituna. Kafinsa wani ɗan ƙasarsu, Eduard Vogel, ya zo a 1855. A taswirorin Turawa na lokacin, da sunan Yakubu ake rubuta garin.

Wani ribaɗin shi ne Kafin Madaki, kuma a can ne yaƙin Ningi ya bar mana abin da, a ganina, ya fi kowane gini daraja a ƙasar Bauchi. Wajen 1860 aka gina wa Madakin Bauchi gida a garin, kuma wanda ya gina shi shi ne Muhammadu Durugu, wanda aka fi sani da Babban Gwani, maginin da ya yi Masallacin Juma'a na Zariya. Duk wanda ya shiga soron nan ya ɗaga kai zai gane dalilin wannan laƙabi. Babu ƙarfe, babu siminti, babu ƙusa. Azara ce ta giginya, wadda gara ba ta ci, ake jerawa guntu bisa guntu, kowace ta ɗan zarce ta ƙasanta, a ɗaure, a lulluɓe da ƙasa, har bakan gizo ya tashi daga wannan bango ya sadu da ɗan'uwansa a tsakiya. A kan waɗannan bakuna rufin yake zaune. Da azahar, lokacin da kwano ke gasa mutane a gidajenmu na zamani, cikin soron nan da sanyinsa. Ginin ƙasa ne ya haura shekara 160 yana tsaye. A 1956, tun kafin 'yancin kai, aka sa shi cikin jerin gine-ginen tarihi na ƙasa, yana cikin na farko-farko a duk Nijeriya. Ina tambayar matasanmu masu karatun zanen gine-gine a jami'a da kwalejin kimiyya da fasaha na garin nan: ku nawa kuka taɓa zuwa kuka gan shi da idonku? Tafiyar ba ta da nisa, a kan hanyar Ningi yake.

Yanzu mun iso wurin da amsar tambayarmu take, kuma wuri ne mai ɗaci.

Da tsufa ya kama Sarki Ibrahim, sai sarauta ta koma hannun ɗansa Usman a 1877. Amma akwai sauran 'ya'yan Malam Yakubu da rai, kuma a cikinsu akwai Halilu, wanda yake ganin bai kamata a tsallake ƙannen sarki a ba ɗa ba. Usman yana Rauta, Halilu yana da ƙarfi a cikin birni, manyan gari suka rabu biyu. A farkon shekarun 1880 abin ya zama yaƙi tsakanin ɗa da baffansa. Da Usman ya ga ba zai iya shi kaɗai ba, sai ya nemi taimakon Sarkin Misau Sale. Rundunar Misau ta zo, aka murƙushe ɓangaren Halilu, shi kansa ya rasa ransa. Amma wanda ka gayyato da makami ba kai ke gaya masa inda zai tsaya ba. Aka washe birnin, aka kashe mutane, aka kama 'ya'ya masu 'yanci aka tafi da su a matsayin bayi. Abin ya yi muni har Sarkin Musulmi Umaru ɗan Ali ya tuɓe Usman a 1883, ya naɗa Umaru ɗan Salmanu, wani jikan Malam Yakubu ta wani ɗakin.

To, ga amsa. Barno ba ta ci Bauchi ba. Ningi ba ta ci Bauchi ba. Ranar da aka washe birnin Yakubu, 'yan gida ne suka kira waɗanda suka washe shi. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar nan daga cikin gidan sarauta ta fara. Ba na faɗin wannan don a zargi mutanen Misau na yau, 'yan'uwanmu ne, kuma kakanninsu kiransu aka yi. Ba kuma Bauchi kaɗai ta sha wannan ba: shekara goma bayan haka Kano ta faɗa nata basasar tsakanin Tukur da Yusufawa, daga 1893. Abin da nake so a gane shi ne, ganuwa mai kilomita 10 da rabi an gina ta ne don mai zuwa daga waje. Ba ta da abin da za ta yi wa rikicin gado.

Sarki Umaru ya yi shekara 19 yana ƙoƙarin ɗinke abin da ya yage, da hannu mai nauyi. Tawaye bai ƙare ba, Ningi ba ta huta ba, ga kuma Malam Jibril Gaini ya kafa nasa ƙarfin a Burmi ta gabas. Wajen 1900 Umaru ya auka wa garin Gwaram, wanda yau ke jihar Jigawa, aka yi ɓarna mai yawa. Wannan ne Turawa suka riƙe a matsayin hujja, ko da yake duk mai hankali ya san da Gwaram da babu Gwaram suna tafe. Sun riga sun ci Bida da Kwantagora da Yola a 1901.

A watan Fabrairu na 1902 rundunar Ingila ƙarƙashin Kanar Morland ta iso bakin birnin nan daga kudu. Ba a yi yaƙi ba. Aka buɗe ƙofa suka shiga, aka tuɓe Umaru, aka naɗa Muhammadu, aka ajiye wani Bature mai suna Temple a matsayin Razdan. Wasu kan ji kunyar wannan, su ce ina ma an yi irin ta Kano, inda sai da aka harba igwa a ƙofar gari a watan Fabrairu na 1903, ko irin ta Burmi, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada tare da ɗaruruwan mutane ranar 27 ga Yuli na wannan shekara. Ni ban ga abin kunya ba. Manyan Bauchi sun ji abin da bindiga mai ruwa ta yi a Yola, kuma garin da bai gama warkewa daga basasa ba, ba shi da jinin da zai sake zubarwa. Sun zaɓi su tsirar da jama'a. Amma ranar ce ganuwa ta tashi daga aiki. Daga nan babu wanda ya sake kiran gayyar yaɓe don tsoron mahara.

Sarautar kuwa ta ci gaba a gidan Malam Yakubu. Muhammadu bai daɗe ba, Hasan ya hau a 1903, Yakubu na biyu ya yi daga 1907 zuwa 1941, Yakubu na uku zuwa 1954, sai Adamu Jumba har 1982, sai Sulaimanu Adamu har 2010, sannan Mai Martaba Rilwanu Sulaimanu Adamu, Allah ya ja zamaninsa. A tsakanin nan jirgin ƙasa ya iso a farkon shekarun 1960, kuma a 1976 Bauchi ta zama hedikwatar jiha. Gari ya tsallake ganuwa ta kowace kusurwa, har ya iso mana nan Tirwun.

Ƙarni na 20 ya ƙara wa birnin gini guda da baƙi ke zuwa gani daga nesa, wato kabarin Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa, Firayim Ministan Nijeriya na farko, wanda aka haifa a 1912 aka kashe a juyin mulkin Janairun 1966. Shi ma ta wajen mahaifinsa jinin Gerawa ne. An buɗe ginin a 1979. Mai shiga yakan bi ta wani lungu mai duhu, haske na ƙaruwa kaɗan-kaɗan, har ya fito fili inda kabarin yake, sama a buɗe, babu ado a kansa. A gefe akwai ɗakin da aka adana kayansa. Ana kula da wurin, ana kai ɗalibai, kuma haka ya dace.

Ganuwa fa? Ku zagaya ku gani. A wurare da yawa babu ko alamarta. Inda ta saura, tudu ne da ba kowa zai gane ba sai an nuna masa: nan an yanki gefenta an buga bulo, can an kafa shago a kanta, gaba kaɗan ta zama juji. Wasu ƙofofin an sake gina su da siminti, sun yi kyau a ido, amma ƙofa ce tsaye babu bangon da take buɗewa. Yaro zai ce maka gidansu yana Ƙofar Dumi ko yana zuwa kasuwar Wunti, bai san akwai ƙyauren da ake rufewa a wurin da almuru ba. Ba ruwan sama kaɗai ya yi wannan ba. Damina ta daɗe tana dukan ganuwar nan, magabata suna gyarawa. Abin da ya cinye ta a zamaninmu shi ne diga da shebur da kurar ɗiban ƙasa, kuma masu riƙe da su 'yan gari ne.

Na san uzurin, kuma ba na raina shi. Jama'a sun yi yawa, fili ya yi tsada, mai iyali yana neman inda zai sa kansa. Ba mai cewa a rushe gidajen mutane a mayar da kilomita 10 na bango. Wannan ya wuce. Abin da bai wuce ba shi ne guntayen da suka rage.

Don haka ga roƙona. Ga masu unguwanni da dagatai da hakimai, Allah ya ba ku nasara: kowa ya san inda guntun ganuwa ya saura a yankinsa, a hana ɗiban ƙasa a wurin, a hana zuba shara. Ga majalisar masarauta da gwamnatin jiha da hukumar kula da kayan tarihi ta ƙasa: a auna abin da ya rage, a kewaye shi, a zaɓi ko da yanki guda kusa da wata ƙofa a mayar da shi yadda yake da, da tubali da jar ƙasa, a hannun maginan gargajiya tun muna da sauransu. A kafa allo a kowace ƙofa, da Hausa, da boko da ajami, mai faɗin sunanta da inda hanyarta ta nufa. Ga malaman makaranta: ku fitar da yara su taka wurin da ƙafarsu, ku kai su Inkil, ku kai su Kafin Madaki. Ga matasa kuma, musamman ku 'yan Tirwun: wayar da ke hannunku tana ɗaukar murya. Akwai tsofaffi a gidajenku da suka ga ganuwar nan da tsayinta, suka ji labarin basasa da zuwan Turawa daga bakin kakanninsu, wasunsu ma da harshen Geranci, wanda masu jinsa ke raguwa kullum. Ku zauna da su a wannan makon, ku tambaye su, ku ɗauka, ku adana.

Nan za mu dakata a shirinmu na yau. Wanda yake da ƙarin bayani ko gyara daga abin da ya ji a gidansu, ƙofarmu a buɗe take, ya aiko mana mu karanta wa jama'a.